Jar Fatar Baba a Birnin Firenze

Ina cikin shekarata ta uku a Guangzhou Baba ya aiko mini da rigima a cikin buhu. A lokacin ni ɗalibi ne a wata makarantar koyon zane da ɗinkin kayan fata, su jaka da takalmi, kuma ɗaukar nauyin karatuna aka yi. Na iya yaren mutanen, wato Sinanci, daidai na ciniki da na faɗa, na saba da cin shinkafa da tsinke, saura abu ɗaya in gama, wato aikin ƙarshe. Mu goma sha biyu ne a ajin. Kowa zai ɗinka jaka ɗaya da hannunsa, sannan a kwashe mu zuwa Italiya, wani tsohon birni da masu shi ke kira Firenze, inda wata tsohuwa gwanar dukanci za ta duba aikin kowa. In ta sa hannu, ka gama. In ta ƙi, ka maimaita shekara, kuma masu ɗaukar nauyina sun faɗa tun farko cewa ba ruwansu da mai maimaici. In tsohuwar nan ta girgiza kai, sai dai in tattara nawa ya nawa in koma Kano ba takarda.

Babana majemi ne, haka ubansa, haka kakansa. Amma duk wanda ya tambaye ni a Guangzhou, cewa nake yi babana ɗan kasuwar fata ne. Ba ƙarya ce tsagwaronta ba, ai yana sayarwa in ya jeme. Sai dai wanda ya tashi a gidan jima ya san yadda ake ɗan matsawa daga kusa da shi a bencin makaranta, kuma ni na gaji da wannan tun ina firamare.

Wanda ya kawo buhun shi ne Alhaji Isuhu, mutumin Maraɗi, tsohon aminin Baba tun yana kawo masa ɗanyar fata daga Nijar. Yanzu ya koma sarin jakunkuna, yakan zo Guangzhou ya yi wata biyu ko uku. Na same shi a masaukinsa da ke titin Huanshi, yana zaune a kan darduma da butar shayi a gabansa.

Ya ce, "Ɗan Kano, tsohonka ya ce in ba ka wagga amana hannu da hannu. Buɗe in ga idonka."

Ina kwance bakin buhun ƙamshin bagaruwa ya buge ni, na ji kamar an buɗe mini ƙofar gidanmu. Fatun akuya ne guda uku, ja wur da rinin karan dafi, masu laushi kamar tsohon zani. Alhaji ya shafa ɗaya ya ce, "Akuyarmu ta Maraɗi ta. Ku Kanawa jima kaɗai kunka iya, sai cika baki." Sannan ya kunna mini saƙon murya. Baba ba mai yawan magana ba ne, ga abin da ya ce kawai: "Nafi'u, na ji za a kai ku garin da suka san fata. Ga uku nan, ni na jeme su, ban bari kowa ya sa hannu ba. Ka ɗinka abin da za ka ɗinka da su, su gani."

Gaskiya ban yi murna ba. Na riga na zaɓi fatar kamfani mai santsi, wadda launinta ɗaya ne daga kai har wutsiya. Don haka na ƙulla dabarata: zan kai fatun Baba aji, malamarmu ta hana, ni kuma in gaya wa Baba cewa makaranta ce ta ƙi. Ba na cikin laifi, ba na cikin asara.

Malamarmu sunanta Lin, 'yar siririyar mace mai gilashi, ita ma a hannun tsohuwar Firenze ta yi koyo, har yarensu ta iya. Ba muguwa ba ce, sai dai ba ta san rufa-rufa ba. Da na shimfiɗa fatun a tebur, sai ta sa bayan biro ta ɗaga gefen ɗaya, ta ce kaurin bai daidaita ba, launin ya fi duhu a gadon baya, ga kuma wari. Ta ce in na kai wannan gaban tsohuwa, kaina na jefa a rami. Duk abin da na zo nema ke nan, da na yi godiya na naɗe kayana. Amma tana cikin magana wani ɗan ajinmu ya tashi ya buɗe taga, sauran suka kwashe da dariya.

Nan zuciya ta ɗebe ni. Ni in raina kayan gidanmu wannan tsakanina da su ne, amma wani ƙato da bai taɓa ganin akuya da ranta ba ya buɗe wa fatar ubana taga? Na ji bakina yana cewa da wannan fatar zan yi aikina, ko ta kai ni ko ta kayar da ni. Malama Lin ta dube ni ta saman gilashi, ta ce, "Ka tabbata? In na rubuta ba a sakewa." Na ce ta rubuta. Ina fita daga ajin jikina ya yi sanyi, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Daga nan na tafka kuskuren da har yau Alhaji Isuhu bai daina yi mini gori a kansa ba. A Kano maƙiyin fata shi ne bushewa. In za ka ajiye ta, sai ka shafa mata ɗan man gyaɗa, ka naɗe, ka rufe ta kada iska ta tsotse ta. Haka na taso na ga ana yi, haka na yi. Na shafe su ukun da mai har da ƙari don ƙauna, na zuba a leda, na ɗaure bakin tam, na tura ƙarƙashin gado, na koma kan zanen jakar a takarda. Ban tuna cewa ba a Kano nake ba. Guangzhou tana da wani lokaci wajen watan Maris da bango ke zufa, madubi ya yi hazo, ka shanya riga kwana uku ka ɗauke ta da danshinta. Shekara uku ina ganin wannan, takalmina ma ya taɓa yin funfuna, amma hannuna ya yi abin da ya saba kafin kaina ya yi tunani.

Bayan mako biyar na jawo ledar don in fara yanka. Abin da na gani ya sa na zauna daɓas a ƙasa. Funfuna ta lulluɓe su, kore da fari, har da gashi-gashi kamar tuwon da aka manta a kwano. Ta tsakiyar ta riga ta tafi, ina ja tana yagewa. Biyu suka rage, kuma saura mako bakwai a tashi.

Kunya ta hana ni gaya wa Alhaji, balle Baba. Na shiga mota ni kaɗai zuwa Shiling, garin da ba a komai sai jaka, inda za ka yi tafiyar rabin yini tsakanin rumfunan fata da zif da maɓalli ba ka kai ƙarshe ba. Na yi ta nuna hoton fatar a waya, wannan ya ce "meyo", wancan ya ce "meyo", wato babu. Can wani mai shago mai fara'a ya kira ni "laoban", wai maigida, ya zuba mini shayi, ya ɗauko wata farar jarka ba rubutu a jikinta, ya rantse mini cewa shafa ɗaya funfuna za ta zama labari. Wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Na dawo ɗaki na shafa wa ɗaya. Funfunar kam ta tafi, ta tafi da jan, ta tafi da laushin, aka bar ni da wani abu fari-fari mai tauri kamar ganɗa. Washegari na koma Shiling da niyyar tashin hankali, mutumin ya dube ni kamar bai taɓa ganin baƙar fata ba a rayuwarsa.

Da fata ɗaya a hannu na je na durƙusa gaban Alhaji Isuhu. Ya juya ta, ya shinshina, ya dube ni.

"Kai ɗan majemi na ko ɗan mai ƙosai? Wa ka sa ma hwata man gyaɗa cikin garin da bango ka zuhwa?"

Na ce, "Alhaji, a yi haƙuri, a taimaka."

"Haƙuri tsohonka za ka ba, ba ni ba. Sauran biyun fa?"

Na gaya masa. Ya yi salati, ya ce in da a Maraɗi ne da sai ya sa an zane ni. Amma yana faɗan yana naɗe hannun riga. Ya sa busasshen buroshi ya kakkaɓe ta a baranda, ya goge ta da tsumma da ruwan lemon tsami kaɗan-kaɗan, ya rataye ta a ɗakinsa kusa da na'urar tsotse danshi da yake kunna wa jakunkunansa. Kwana shida fatar nan tana ɗakinsa, kullum in na zo dubiya sai ya ciyar da ni ya kuma zage ni. Bai gaya wa Baba ba. Ya ce wannan labarin nawa ne, ni zan kai shi da bakina in na yi hankali.

Ta rayu, amma da tabo. Fuskar ta yi kyau in ban da wurare biyu da na kauce musu wajen yanka. Cikin ne ya yi ɗigo-ɗigon baƙi kamar wanda ya tashi daga ƙyanda. Na yi mako uku ina ɗinki, ƙaramar jakar hannu mai marfi, don abin da fata ɗaya za ta iya bayarwa ke nan. Da na gama na dubi ɗigon nan na ciki, raina bai kwanta ba. Sai na sayo siririyar fatar roba mai sheƙi na manna mata shafi, ta rufe komai ruf. Warin kuma na tuna da mai buɗe taga, na samo kasko da turaren wuta a wajen wata Bakanuwa mai sayar da abinci, na turara jakar har sau uku kamar kayan amarya. Malama Lin ta duba, ta ce ɗinkin ba laifi.

Bizar ma sai da ta ja mini rai. 'Yan ajinmu duk tasu ta fito, ni mai koren fasfo aka yi ta ce mini kawo wannan, kawo wancan, har sai da Malama Lin ta raka ni da kanta ta tsaya mini. Ta fito saura kwana biyu mu tashi. Na riƙe mata wannan alherin.

Firenze ba ta yi kama da abin da na zata ba. Na zaci ƙasar Turawa duk gilashi ce da dogayen gine-gine irin na Guangzhou. Sai na tarar da lunguna matsattsu kamar na cikin birnin Kano, an shimfiɗe su da dutse, gidaje sun tsufa har sun gaji amma ba wanda ya rushe su. Akwai kogi a tsakiyar gari, da wata gada da aka gina shaguna a kanta, maƙeran zinariya na ciki. Akwai wata majami'a mai ƙatuwar ƙubba ja wadda duk lungun da ka bi sai ka hango ta. Kwana huɗu ana yawo da mu, ana nuna mana ƙofofi da gumaka da littattafan da suka girmi kakan kakana. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda mai jagoranmu ke nuna wata unguwa yana cewa nan majema suke a da, nan marina, yana faɗa yana ɗaga kai kamar yana lissafa sarakuna. Har sunan titin na majema ne. Na tuna badalar garinmu da ake ɗiba ana yin bulo da ita, na ji haushi, kuma na rasa wanda zan ji haushinsa.

Wahala kuwa na sha ta. Abincinsu in ba naman alade ba to an zuba giya, na yi kwanaki a kan burodi da tumatir. Ranar da na shiga kasuwar fata da jakata a naɗe cikin ƙyalle, wani mai rumfa ya daka mini tsawa yana kora ta da hannu, ya ɗauka ina cikin masu tallar jabun jaka a bakin titi. Ɗaya daga cikin masu tallar ne ma ya ja ni gefe, wani dogon mutumin Senegal. Ba ma jin yaren juna, amma da na yi masa sallama ya amsa, ya raka ni wani ɗan masallaci a bayan shaguna, bayan azahar ya raba shinkafarsa biyu ya tura mini rabi. Na dubi jakunkunan da ke cikin buhunsa, wallahi har layin da ake yin su a Shiling na sani. Ni da su jirgi ne kawai ya bambanta mu.

Rana ta biyar aka kai mu wajen tsohuwar. Sunanta Marta, gajeriya, farin gashi, hannuwanta kamar na manomi. Shagon ɗaki biyu ne a ƙasan wani tsohon gida, kuma ina shiga na ji wani wari da ya yi kusa da na gidanmu, har na saci kallon mai buɗe taga in ga ko zai nemi taga a nan ma. Bai nema ba. Aka jera jakunkuna a dogon tebur. Tana ɗauka, ta juya, ta ja ɗinkin, ta yi magana, Malama Lin ta fassara mana. Wasu ta sa hannu nan take, biyu ta ce su gyara hannun jaka.

Tawa ce ta tara. Ta ɗauka ta kai hanci, ta yi atishawa. Aka yi dariya. Ta tambaya wa ya yi wa jaka wanka da turare, na ɗaga hannu kamar ɓarawon da aka kama da akuya a kafaɗa. Ta shafa fuskar fatar da babban yatsa, ta daɗe tana shafawa. Sannan ta buɗe marfin ta ga shafin roba. Fuskarta ta canza. Ta ɗauko wata 'yar wuƙa, ta sa a bakin shafin, ta ɗaye shi ƙiiii a gaban kowa, ɗigon funfunar nan duk suka bayyana.

Na ce shi ke nan, Kano ta kira ni.

Ta yi magana mai tsawo, tana nuna ni da wuƙar. Malama Lin ta ce, "Ta ce tabon danshi ne, ta sha ganinsa, ba ya kashe fata. Ta ce abin da ba za ta yafe ba shi ne a samu fata irin wannan a liƙa mata roba. Ba za ta sa hannu ba. Amma ta ba ka kwana biyu, ka farke, ka kankare gam ɗin, ka sake ɗinkewa ba shafi. A nan, a gabanta."

Kwana biyun nan 'yan ajinmu suna yawon ganin gari, ni ina kan benci a lungun shagon. Tsohuwa ba ta jin Turanci sosai, ni ba na jin nata, don haka da hannu muka yi ta magana. In na yi gaggawa a kusurwa sai ta buge mini yatsu da bayan almakashi, ta karɓa ta yi ɗinki uku, ta miƙo mini. Da rana ta kawo mini burodi da cuku da man zaitun, ta nuna abincin ta girgiza yatsa, ta yi kukan alade, wato babu shi a ciki. Yatsuna suka kumbura, allura ta huda ni ba adadi. Rana ta biyu da la'asar na ɗaure zaren ƙarshe, daidai lokacin da Malama Lin ta shigo da sauran ɗalibai.

Marta ta juya jakar ciki da waje. Ta ja ɗinkin, bai motsa ba. Takardata na gabanta, biro na hannunta, amma ba ta rubuta ba. Ta yi tambaya, Malama Lin ta juyo gare ni: "Tana so ta san wane kamfani ne ya jeme fatar."

Ajin duk suna kallona. Na ce, "Ba kamfani ba ne. Babana ne. Majemi ne, da hannu yake yi, a cikin kwatarniya."

Da aka fassara mata sai ta ajiye biron, ta ce yana da rai? Na ce yana nan. Ta ce a kira shi.

Na kira wayar maƙwabcinsa a wurin aiki, don ta Baba ba ta hoto. Sai ga shi a tsaye a majema, da tsohuwar rigar aikinsa, hannunsa jiƙe har gwiwa, ana jin ƙarar masu bugun fata a bayansa. Na juya wayar kowa ya gan shi. Magana ta zama sai ta bi ta baki uku: Baba ya faɗa mini da Hausa, in faɗa wa Malama Lin da Sinanci, ita kuma ta faɗa wa tsohuwa da nasu.

Kafin a fara na ce, "Baba, biyu sun lalace a hannuna. Mai na sa musu na ƙulle a leda."

Ya ce, "A garin ruwa? To, ka koya. Wace ce wannan?"

Na gaya masa. Marta ta tambaya da me ya jeme, ya ce bagaruwa. Ta tambayi jan, ya ce karan dafi da kanwa. Na rasa sunayensu da Sinanci, sai da maƙwabcin ya ɗebo kowanne ya nuna a waya, tsohuwa ta matso da fuskarta har tana neman taɓa gilashin. Ta tambaya kwana nawa fata take yi a ruwan jima, ya ce ya danganta da akuyar da kuma zafin gari, shi dai yana dubawa. Ta gyaɗa kai kamar amsar da take jira ke nan. Sannan, don ta nuna masa irin nasu, ta jawo wata fatar akuya daga cikin sababbin da aka kawo mata, ruwan ƙasa, kyakkyawa, ta ɗaga masa.

Baba ya ƙura ido. Ya ce, "Ka ce ta lanƙwasa ta kusa da wayar, wajen wuya. In ji."

Ta lanƙwasa. Ni dai ban ji komai ba sai ɗan ƙas-ƙas.

Ya ce, "Ta sake." Ta sake. Ya ce, "An yi gaggawar tsame wannan. Cikinta ɗanye ne. Ka gaya mata."

Matar nan takardata na gabanta ba ta sa hannu ba, ga shi ubana daga Kano yana kushe mata kaya a cikin shagonta. Na ce, "Baba, anya?" Ya ce, "Kai, gaya mata mana. In ta yi jaka da ita, shekara biyu za ta tsage." Na faɗa wa Malama Lin. Ita ma ta tsaya tana dubana, ta ce in tabbata haka ya ce. Na ce haka ya ce. Ta gyara gilashinta, ta faɗa.

Marta ta dubi wayar, ta dubi fatar. Ta ɗauki wuƙarta ta yanki wajen wuyan, ta kai bakin taga inda haske yake, ta daɗe tana duban bakin yankan. Sannan ta miƙa wa Malama Lin, ita kuma ta miƙo mini. A tsakiyar kaurin fatar ga wani farin layi siriri kamar zare, inda jima ba ta ratsa ba.

Tsohuwar nan ta fashe da dariya har tana dafa tebur. Ta yi wata magana da ƙarfi wadda Malama Lin ta ce ba za ta fassara ba, don wanda ya sayar mata da fatar ake zagi. Ta dawo gaban wayar, ta dafa ƙirji, ta ɗan sunkuyar da kai. Baba ya ɗaga jiƙaƙƙen hannunsa ya amsa. Sannan ta jawo takardata ta sa hannu. Ba ni na zo na ɗaya ba, wata yarinya mai hannu kamar injin ce ta zo, kuma ta cancanta. Ni ta rubuta mini cewa ɗinkina na da saura a kusurwa. Ban damu ba ko kaɗan. Ban taɓa jin alfahari irin na wannan la'asar ba, kuma ba da jakar nake yi ba.

Na koma gefe da wayar, na ce, "Baba, ta sa hannu. Na gama."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. To sai anjima, aiki na jirana."

Ya miƙa wa maƙwabcin wayar, shi kuma ya jefa ta aljihu bai kashe ba. Hoton ya yi duhu, amma ina jin komai. Na ji wani daga cikin majeman yana tambaya, "Malam, su wa ke nan?" Na ji Baba ya yi gyaran murya, ya ɗaga ta yadda har na can ƙarshen fili za su ji, shi da ban taɓa jin ya yabi kansa ba tunda aka haife ni.

"Nafi'u ne, daga ƙasar Turawa. Wata fata ce ta gagare su, suka ce a kira ni."